Farin Zanen Mama da Turmin Dutse

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Janairu

Yaya Ruth,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya sanyin Wales, ya aiki, ya Yaya Habila da jaririya Godiya? Mu nan lafiya. Baba yana shan maganin hawan jininsa in na tsaya a kansa, in ban tsaya ba ya ce ya manta. Wayata tana durowarsa sai na gama jarrabawa, shi ya sa na yago takarda. Mufida maƙwabciyarmu, mai karatun nas, ita za ta ɗauki hotonta ta turo miki. Na ce kar ta karanta. Na san za ta karanta.

Na gama gaisuwa. Yanzu ki saurare ni, tunda a takarda bakina ba ya rawa.

Mun ga hoton. Yaya Habila ya tura wa ƙanensa, ƙanensa ya tura wa matarsa, kafin Lahadi duk zumuntar matan majami'armu ta gani. Bayan an tashi sujada Mama Balaraba, shugabarsu, ta miƙa wa Baba wayarta a ƙofar majami'a tana cewa, “Dattijo, barka, ashe an yi wa jika baftisma a Turai.” Ina tsaye a bayansa. Na so ƙasa ta tsage.

Yaya, mene ne wannan abin? Wani ƙaton turmin dutse, ya kai ƙugun mutum, da fuskoki a jikinsa, idanu waje, ɗaya har da haƙora. Wata Baturiya da farar riga ta riƙe Godiya a kansa tana zuba mata ruwa, ke kina gefe kina murmushi. Shekara biyu ina kwanciya ina zana ƙasar nan a raina kamar ta cikin littattafaina, gidajen sarauta, fitilu, mutane suna yawo a bakin teku hannu da hannu. Ashe turmi kika je gani.

Baba ya tare mana A-daidaita. Sai da muka shiga gida ya cire hula ya ce, “Tsafin da ubana ya bari a kan dutse a ƙauye, shi ’yata ta hau jirgi ta je nema.” Ya ce a gidanmu ba a yi wa jariri baftisma, sai mutum ya girma ya buɗe bakinsa da kansa ya ce ya yarda. Ke kin fi ni sanin haka. Tun ranar ba ya kiran sunan Godiya, sai dai “yarinyar nan”.

Amma ni ba turmin ne ya hana ni cin abinci ba. Zanen ne. Farin zanen Mama ne kika naɗe Godiya da shi, na gane shuɗin zaren da ta ɗinke bakinsa. Ko kin manta in tuna miki? Da shi aka rufe Mama ranar baftismarta, da ta fito daga kogi. Da shi ta rufe ki ranar taki. A gadon asibiti, kafin ta rasu, ta kama hannunki ta ce, “Ranar Patience, ke za ki riƙe mata.” Da za ki tafi kika sa shi a akwati, kika ce don ki riƙa jin ƙamshinta, za ki dawo da shi a hannunki. Ni ce ta gaba, Yaya. Ni. Ba jaririyar da ba ta san ma an yi ba.

Na gama ajin baftisma. Fasto ya sa rana, Asabar kafin Ista. Ki gaya min abu ɗaya: za ki zo da zanen, ko ba za ki zo ba?

Ƙanwarki,
Patience

*

Wales
Fabrairu

Patience,

Na ga takardarki. Muna nan. Ki gai da Baba in zai amsa, ki gai da Mufida, ki ce na gode.

Ban san ƙanwata mai ɓuya a bayan labule in an yi baƙi ta iya faɗa haka ba. To ni ma ki saurare ni.

Ƙauyen da nake aiki ba irin na littattafanki ba ne. Tumaki sun fi mutane yawa, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Irin majami'armu sai ka yi tafiyar rabin yini, motar haya kuma ba ta zuwa ran Lahadi. Abin da ke kusa wata tsohuwar majami'ar dutse ce, masu zuwa tsofaffi ne ’yan kaɗan. Da na haihu, wa ya zo daga zumuntar matanku? Wata tsohuwa ce, Nesta, wadda na taɓa yi wa mijinta jinya. Na kwatanta mata wankan jego, ta riƙe baki, ta ce za a dafa ni da raina, amma kullum da safe sai ta zo ta ɗora ruwa. Kaka Nesta nake ce mata yanzu. Ku da ba ku ɗora min ko buta ba ne kuke zaune kuna duba hoto.

Abin da kika kira turmi kwamin baftisma ne. Dutse ɗaya aka fafe. Sun ce ya haura shekara ɗari takwas, ya girmi ginin da yake ciki. Tun kafin bishara ta taka ƙauyenmu ake ɗora jarirai a kansa da sunan Yesu. Fuskokin, wasu sun ce manzanni ne, wasu sun ce mai sassaƙar ne kawai bai iya hanci ba. An taɓa fitar da shi waje, ya yi shekaru a gonar wani dabbobi suna shan ruwa a ciki, daga baya aka gane shi aka mayar. A bakinsa akwai gurbin ƙarfe inda suke sa murfi da kwaɗo a zamanin da, don kada a saci ruwan a yi sihiri da shi. Da na zo, furanni kawai ake ajiyewa a ciki, an daɗe ba a kawo jariri ba. Ranar Godiya, Kaka Nesta ta wanke shi da hannunta, ta zo da ruwan ɗumi a filas don dutsen sanyi gare shi. Tsofaffin nan kuka suka yi.

Na san abin da aka koya mana a gida. Ina da dalilina, ba zan sa shi a takardar da za ta bi ta wayar mutane ba.

Maganar zuwa, ban sani ba tukuna. Zanen yana nan lafiya, amma ba zan iya rabuwa da shi yanzu ba. Ki yi haƙuri.

Yayarki,
Ruth

*

Gyaɗi-Gyaɗi
Fabrairu

Yaya,

Muna lafiya. Zafi ya fara. Baba yana shan magani.

“Ba zan iya rabuwa da shi yanzu ba.” Na karanta layin nan har Mufida ta ce in ba ta wayarta. Wato kin riƙe. Kin yi dogon bayani a kan dutse, shekarunsa, hancinsa, filas ɗinsa, ni kuma layi biyu. Na gode. Ashe tsofaffin Turawa sun yi kuka. Ni ma na yi, sai dai ba ni da filas.

Na kwafe bayanin naki na ajiye wa Baba a kan tebur ƙarƙashin tabaransa, don ba zan iya karanta masa ba. Na ɗauka in ya ga “da sunan Yesu” zai sauko. Ina wanke-wanke na ji ya kira ni. Ya ce, “Karanta min nan.” Na karanta. Ya ce, “Kwamin dabbobi.” Ya sa yatsa a ƙasa ya ce, “Nan kuma?” Na karanta wurin kwaɗo da sihiri. Ya ce, “To, da bakinta ta faɗa. Abin da sai an kulle shi saboda matsafa, a nan ta kai min jini.” Na so in ce Baba ai kullewar don a hana ne. Sai na koma wanke-wankena. Kin san ni.

Yanzu ya yanke. Ya ce ko kin zo ba ke za ki riƙe min zane ba, Mama Balaraba ce. Har ta je Kantin Kwari ta sayo sabo, fari ƙal, da takardar kamfani manne a jikinsa, yana warin leda. Ta sa na gwada a gaban mata, tana cewa, “Ke dai kin yi sa'a, wancan ai ya tsufa.” Na ce na gode Mama. Na koma gida na shiga bayi na ciji hannuna.

Kin san yadda na tsara ranar a raina? Zan fito daga ruwa idona a rufe, in ji hannunki a kafaɗata, in ji ƙamshin akwatin Mama. A littattafai mutumin da aka daɗe ana jira yakan iso a daidai lokacin, da jaka a hannu, yana haki. Na daina karanta su. Ƙarya ce duka.

Ki riƙe zanen. Ki riƙe Kaka Nesta, ta zama uwarki. In kin ga dama ki binne shi a cikin turmin naku tare da duk abin da kika fi so, ki sa murfi ki kulle.

Patience

*

Gyaɗi-Gyaɗi
Maris

Yaya Ruth,

Gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Da gaske nake tambaya.

Mufida ta ce saƙona ya shiga, kin buɗe. Makonni ke nan ba ki ce komai ba. Ita ma an tura ta aikin koyo wani asibiti a ƙauye, sai jiya ta dawo, ni kuma ba zan iya zuwa gidan su Yaya Habila in tambaya ba, kin san bakin matar ƙanensa.

Har yanzu ina fushi, kar ki ɗauka na huce. Amma jiya na ce Mufida ta sake buɗe min hoton, ina so in nuna mata shuɗin zaren. Ta ja hoton da yatsu biyu ya girma. Ta ce, “Patience, wannan filastar da ke kumatunta fa?” Na ce wace? Ashe akwai wani siririn bututu da ya fito daga hancin Godiya, an manne shi a kumatu, bakin zanen ya rufe rabinsa. Ta ce da shi ake ba jaririn da ba ya iya tsotso abinci. Duk zumuntar mata sun kalli hoton nan, Baba ya kalla, ni na kalla har na haddace. Fuskokin dutse muka ƙirga.

Me ke damunta? Me ya sa kika bar ni na rubuta abin da na rubuta? Kalmar nan ta binnewa, Yaya, ban san komai ba lokacin. Ki amsa ko da zagi ne.

Ƙanwarki,
Patience

*

Wales
Afrilu

Patience,

Godiya tana da rai. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Da rami a zuciyarta aka haife ta. Likitoci suka ce sai an yi aiki, kuma ba su yi min alkawarin komai ba. Na ɓoye saboda jinin Baba, na hana Habila faɗa, shi kuma ya rasa abin da zai tura gida sai hoton nan. Lahadin da za mu tafi babban asibiti, Kaka Nesta ta tambaye ni ko ina so a ɗora ta a kan kwamin. Na san ba haka aka koya mana ba. Amma na dubi ’yata, na ce wannan wataƙila ba za ta girma ta buɗe baki ta ce ta yarda ba. Na dubi dutsen, bakinsa ya yi sumul saboda hannayen iyaye mata da suka dafa shi, da yawansu da irin tsoron da nake ji. Na dafa ni ma. In laifi ne, nawa ne, ni da Ubangiji.

Ba ni da uwa a nan, ba ni da ke. Zanen ne kawai nawa. A asibiti ba ta barci sai an shimfiɗa mata shi, har nas-nas suka saba. Abin da nake nufi ke nan da ba zan iya rabuwa da shi ba. Takardarki ta binnewa ta same ni a kujerar jira, an shiga da ita ɗakin tiyata. Ba zan ce miki ba komai ba. Da kina kusa da na mare ki. Na rufe wayar, na kasa buɗe ta sai yanzu.

An yi aikin, ta fara tsotso, an cire bututun. Ba zan zo Ista ba, ba a yarda ta hau jirgi ba, ni kuma ba zan bar ta ba. Na karya wa Mama alkawari, na sani.

Zanen yana hanya. Sista Zahra'u, wata nas ’yar Hotoro da muka haɗu a asibitin, za ta zo ganin gida, na ba ta. Akwai tabon magani a gefe ɗaya, na wanke ya ƙi fita. Kwana biyu Godiya tana kuka tana nemansa, ki sani.

Abu ɗaya nake so. Ki gaya wa Baba komai, da bakinki, ba takarda ƙarƙashin tabarau ba. Mai shirin tsayawa gaban ikilisiya ta ce ta yarda, ta iya tsayawa gaban ubanta.

Ruth

*

Gyaɗi-Gyaɗi
Bayan Ista

Yaya Ruth,

Barka da Ista. Ya jikin Godiya? Ki sumbace min ita a inda filastar take. Ki gai da Yaya Habila, ki ce masa nan gaba in zai tura hoto ya haɗa da bayani. Ki gai da Kaka Nesta. Muna lafiya.

Sista Zahra'u ta kawo zanen ran Alhamis. Na kai hanci. Ba ƙamshin akwatin Mama, sai warin asibiti da madara. Na yi fushi da wannan ma, sannan na yi kuka a cikinsa.

Na gaya wa Baba. Na jira ya sha magani ya ci abinci, na durƙusa, na ce, “Baba, ina da magana.” Ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana. Muryata tana rawa amma na faɗa duka, ramin, bututun, tiyatar. Ya ce, “Ni za a ɓoye wa? Ni yaro ne?” Ya yi faɗa sosai, na ɗauka jinin zai hau. Can ya ce, “Wa ya yi mata wankan jego?” Na ce tsohuwar Baturiya. Ya ce, “Baturiya?” Na ce e. Ya miƙo hannu, na ba shi zanen, ya shiga ɗaki da shi ya rufe ƙofa. Bai dawo min da shi ba, ban tambaya ba. Na ce shi ke nan, na leda zan sa.

Ran Asabar, kin san kwamin simintin da ke bayan majami'armu a Tarauni, wanda ’yan garuwa ke cikawa? Ina kan layi da farar riga ina kallonsa, ga tsaga a gefe an toshe, ga wani yaro ya zana fuska da gawayi a jikinsa. Na tuna yadda na zagi turminku. Na kusa yin dariya a gaban Fasto.

Na ce na yarda. Da ƙarfi na faɗa, har na baya suka ji. Fasto ya nutsar da ni. Na fito ruwa a idona, ina lalube, ga Mama Balaraba a kan matakala ta buɗe sabon zanenta. Sai na ji mata suna ƙus-ƙus. Baba ne, ya ratso ta cikinsu da babbar rigarsa, zanen Mama a hammata.

Mama Balaraba ta ce, “Dattijo, nan fa wurin mata ne.”

Ya ce, “Na sani, Balaraba. Uwarta ba ta nan, yayarta tana jinya. Matsa.”

Ta matsa. Yaya, bai iya ba. Ya lulluɓe ni tun daga kai kamar mai zazzaɓi, ban ga hanya ba, na yi tuntuɓe, zumuntar mata suna waƙa suna danne dariya. Hannunsa ne a kafaɗata. Ba haka na tsara ba ko kaɗan. Babu mai jaka, babu mai haki.

A A-daidaita ya ce in rubuta miki, kuma in rubuta daidai. Ga shi: “Waccan ta turmi ban ƙirga ta ba. In Godiya ta girma za ta buɗe baki, ta shiga ruwa kamar kowa.” Kin lura ya kira sunanta? Sai da muka kusa Titin Zoo ya sake juyowa ya ce, “Ruwan da suka zuba mata, da sanyin ƙasar nan, sun ɗumama shi?” Na ce e Baba, a filas. Ya ce, “To.” Ya ce ki kira shi ran Lahadi, yana da faɗan da zai yi miki da bakinsa.

Nawa faɗan ban gama ba. Kin bar ni na zage ki ina jahilci, kin bar ni ni kaɗai a cikin matan nan. Abin da na rubuta kuma, ki yafe min, amma marin ki ajiye sai kin zo.

Na wanke zanen, tabon yana nan, na ninke na sa a akwatin Mama don ƙamshin ya dawo. In Godiya tana kuka, ki shimfiɗa mata naki. Wannan ba zan ba Sista Zahra'u ba, ba zan ba kowa ba. Ita ce ta gaba, kuma ni zan riƙe mata. Ki kawo ta.

Ƙanwarki,
Patience